Idan Annoba Ta Ɓarke: Jagoran Aikin Ƙaramar Hukuma Daga Rahoton Farko Har Cutar Ta Lafa

Umarnin da ake bai wa jama'a lokacin annoba ba shi da wuyar faɗa. A wanke hannu, a zauna a gida, a kawo mara lafiya asibiti da wuri, kada a taɓa gawa. Cikawar ce aiki. Wanda aka ce ya wanke hannu, sai yana da ruwa da sabulu. Wanda aka ce ya zauna a gida mako biyu ko uku, sai an san abin da shi da iyalinsa za su ci. Wanda kuma aka ce ya kawo mara lafiya, sai akwai inda zai kai shi, da abin da zai ɗauke shi, da wanda zai karɓe shi ko da tsakar dare ne. Duk umarnin da bai zo da abin cika shi ba, ƙarshensa mutane su riƙa ɓoye marasa lafiyarsu, cutar da aka ɓoye kuwa ita ke yin nisa.

Nan aikin ƙaramar hukuma yake. Gwamnatin tsakiya ce ke da manyan ɗakunan gwaji da ƙwararru da ikon ayyana dokar ta-ɓaci, amma a yawancin ƙasashe ruwan sha, kwashe shara, kasuwanni, maƙabartu da ƙananan asibitoci suna hannun hukumar da ta fi kusa da jama'a. Misalan da ke ƙasa sun fi karkata ga kwalara da Ebola da korona, domin kowacce da hanyar da take bi: ta farko ruwa da abinci, ta biyu ruwan jikin mai cutar, ta uku numfashi.

Abin da ya kamata a ce yana hannu tun da wuri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ana zaman lafiya a tanadi takardar lambobin wayar duk wanda za a nema cikin dare: jami'in sa ido kan cututtuka, shugabannin asibitoci, mai kula da ruwa, direbobin motar marasa lafiya, shugabannin unguwanni da na addini. A riƙa kiran lambobin lokaci-lokaci, domin ana sauya wa ma'aikata wurin aiki, layuka kuma suna mutuwa. A tanadi taswirar da ke nuna rijiyoyi, famfuna, asibitoci, makarantu, kasuwanni, gidajen yari da sansanonin waɗanda suka rasa matsuguni. A ajiye kaya kaɗan a sito: ƙunshin ORS (garin gishiri da sukari na masu gudawa), garin kulorin, sabulu, safar hannu, takunkumi, bokitai masu famfo. Sannan a rubuta ƙa'idar da ta ce wa ke da ikon fitar da kuɗin gaggawa, har nawa, ba tare da jiran zaman majalisa ba. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa, shi kuma ya fi cin kwanaki.

Mataki na 1: Tabbatar da rahoto, a sanar cikin awa 24

Rahoton farko ba kasafai yake fitowa daga ɗakin gwaji ba. Ma'aikacin ƙaramin asibiti ne zai ce ya ga manya uku da gudawa kamar ruwan shinkafa a yini ɗaya, ko malamin makaranta ya ce rabin aji ba su zo ba, ko mai haƙa kabari ya lura aiki ya yi masa yawa. A ranar da labarin ya zo a tura ƙaramar tawaga: jami'in sa ido, ma'aikacin jinya, jami'in tsaftar muhalli, da mai ɗaukar samfur. Su ga marasa lafiyar da idonsu, su ɗauki samfur kafin a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta in hali ya yi, su sanar da hukumar lafiya ta sama kafin awa 24 ta cika.

Kada a jira sakamakon gwaji kafin a fara magani da gyaran ruwa. Kwalara tana iya kashe babban mutum cikin 'yan sa'o'i, sakamako kuwa yakan ɗauki kwanaki. Akwai ma'aunin da ƙasashe da dama suka ɗauka tun bayan 2021, ana ce masa 7-1-7: a gano ɓarkewar cikin kwana 7, a sanar cikin kwana 1, a kammala matakan farko cikin kwana 7. Ƙaramar hukuma tana iya auna kanta da shi.

A wannan rana kuma a tsayar da bayani guda na wanda za a ƙirga a matsayin mai cutar, a manna shi a bangon kowane asibiti. Ga kwalara, a inda ba a riga an tabbatar da ɓarkewa ba, shi ne mai shekara 2 zuwa sama da ke gudawar ruwa farat ɗaya tare da ƙarewar ruwan jiki mai tsanani, ko wanda ya mutu a kan haka. In kowane asibiti ya ƙirga yadda ya ga dama, alƙaluman ba za su nuna ko cutar na hawa ko sauka ba.

Daga nan sai rajista, layi ɗaya ga kowane mara lafiya: shekaru, jinsi, unguwa, ranar da ciwo ya fara, ranar da ya zo asibiti, inda yake ɗibar ruwa, da yadda ta kaya. Ranar fara ciwo ta fi ranar zuwa asibiti muhimmanci, domin ita ke nuna lokacin da aka kamu. Kowace yamma a ɗiga sababbin mutanen a kan taswira. A 1854, lokacin da kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta Landan, Dokta John Snow ya bi gidajen da aka yi rashi ya ga sun taru kewaye da famfon titin Broad Street, ya kai maganar gaban hukumar yankin, suka cire hannun famfon. Gaskiya cutar ta riga ta fara sauka kafin a cire, amma hanyar da ya bi ita ake bi har yau, kuma wadda ta ɗauki matakin hukumar unguwa ce, ba fadar gwamnati ba.

Mataki na 2: Shugaba ɗaya, zama ɗaya a rana

A naɗa mutum ɗaya mai jagorantar aikin, da mataimakin da zai karɓe shi, tunda ba wanda ke iya kwana bakwai ba barci. Ba dole shugaban ƙaramar hukuma ba ne. Ya fi kyau shi ya tsaya wajen buɗe ƙofofi da sa hannu, ya bar tafiyar yau da kullum ga wanda ya san aikin. A ƙarƙashinsa a raba ɓangarori, kowanne da sunan mai riƙe da shi: sa ido da bin sawun waɗanda suka yi mu'amala da mai cuta, jinya, ruwa da tsafta, wayar da kai, kaya da sufuri, tallafin jama'a, kuɗi.

Zaman safe kada ya wuce minti 30. Sababbi nawa jiya, daga ina, wa ya rasu kuma a ina, me ya ƙare a sito, wa zai yi me kafin gobe. Mutuwar da ta faru a gida ko a hanya a tsaya a kanta, domin tana nufin mutane ba sa isowa magani: ko nisa, ko kuɗi, ko tsoro. Ƙungiyoyin agaji da suka shigo a ba su kujera a wannan zama, a rubuta wa ke aiki a wace unguwa. In ba haka ba, ƙungiyoyi uku za su raba sabulu a unguwar da ke bakin titi, ta can ciki ba wanda ya leƙa.

Mataki na 3: Ruwa da kulorin

Ko wace irin annoba ce, ruwa na kan gaba. Ƙa'idojin Sphere, waɗanda masu aikin agaji ke bi a duniya, sun sa mafi ƙaranci lita 15 ga mutum ɗaya a rana don sha da girki da tsafta, kada wurin ɗiba ya wuce mita 500 daga gida, famfo ɗaya ga mutum 250. Cibiyar jinyar kwalara tana buƙatar lita 60 ga kowane majinyaci a rana, da lita 15 ga mai zaman jinya. Kada a yanke wa kowane gida ruwa saboda bashi har sai annobar ta wuce.

Kulorin kuwa nan ake yawan kuskure, kuma kuskuren iri biyu ne: a sa kaɗan bai kashe komai ba, ko a sa da yawa ruwa ya yi wari mutane su koma rafi. Ga yadda ake haɗawa da garin kulorin da ake kira HTH mai ƙarfin 65% zuwa 70%:

- 2%, giram 30 a lita ɗaya: don bayan gida da aman mai kwalara, da gawarsa.
- 0.5%, giram 7 a lita ɗaya: don wurare da kayan da ruwan jikin mai Ebola ya taɓa.
- 0.2%, giram 3 a lita ɗaya: don daɓe, gadaje da banɗaki a cibiyar kwalara.
- 0.05%, giram 7 a lita 10: don wanke hannu inda babu sabulu, da jiƙa tufafi.

In ruwan bilic ne a hannu, a duba ƙarfinsa a jikin kwalba, a raba shi da ƙarfin da ake so, a cire ɗaya. Abin da ya rage shi ne yawan awon ruwa da za a zuba wa awo ɗaya na bilic. Bilic mai 5% in ana son 0.5%, awo 1 ne da ruwa awo 9. In ana son 0.05%, awo 1 da ruwa awo 99. Ga cutar numfashi irin korona, 0.1% ya isa goge wuraren da hannu ke yawan taɓawa.

A haɗa a mazubin roba mai murfi, domin kulorin na cin ƙarfe. A bar garin ya kwanta, a tsiyaye na sama. Masu rauni, wato 0.05% da 0.2%, a sake su kullum, a ajiye a inuwa, tunda rana da zafi suna karya ƙarfinsu. A rubuta ƙarfi da ranar haɗawa a jikin kowane bokiti da babban rubutu, in da hali kowane ƙarfi da launin bokitinsa. Mai aikin dare da ya gaji zai iya tsoma hannu a na 2% ya ƙone fata. Kada a taɓa gauraya kulorin da wani ruwan wanke banɗaki, haɗin yana fitar da iska mai guba. A share ƙazanta tukuna kafin a zuba, domin datti yana shanye ƙarfin maganin.

Na ruwan sha daban ne, kuma ba a yin sa da ka. A haɗa ruwan uwa, wanda daga cikinsa za a riƙa ɗiba, mai 1%, wato giram 15 na HTH a lita ɗaya. A jera bokitai biyar masu lita 20, a cika su da ruwan da za a gyara. Da sirinji a zuba mililita 1 a na farko, 2 a na biyu, haka har 5 a na biyar. A motsa, a jira minti 30, a auna kowanne da ƙaramin ma'aunin kulorin mai amfani da ƙwayar gwaji ta DPD. Bokitin da ya bar saura miligiram 0.5 a lita ko sama da haka kaɗan, shi ne awon wannan ruwa. Idan na mililita 3 ne ya dace, tankar lita 10,000 za ta ci lita ɗaya da rabi na ruwan uwa. Lokacin kwalara ana ɗaga awon: kusan miligiram 1 a lita a bakin famfon jama'a, 2 a wurin cika tanka, saboda ƙarfin yana raguwa a hanya da cikin jarka. A sake gwajin duk lokacin da aka yi ruwan sama ko aka sauya wurin ɗiba. Ruwa mai laka kuma sai an bar shi ya kwanta ko an tace, in ba haka ba kulorin ba ya aiki yadda ya kamata.

Zuba kulorin cikin buɗaɗɗiyar rijiya sau ɗaya a tafi ba ya daɗewa. Guga mai datti da ruwan ƙasa suna mayar da ita yadda take. Abin da ya fi shi ne a zaunar da mutum da sirinji a bakin rijiyar, yana ɗiga wa kowace jarka awonta, yana cewa a jira rabin awa kafin a sha. In ƙwayoyin tsarkake ruwa za a raba, suna zuwa da ƙarfi daban-daban, don haka a tsaya kan iri ɗaya a yanki ɗaya, a nuna wa mutane da irin jarkar da suke amfani da ita.

Banɗaki: ɗaya ga mutum 20, aƙalla mita 30 daga rijiya, gindin ramin ya tsaya mita 1.5 sama da ruwan ƙasa, da wurin wanke hannu a bakin ƙofa. Masu yashe masai a nuna musu wuri ɗaya na zubarwa, a sa musu ido.

Wani abu da hukumomi ke so saboda yana kyau a hoto shi ne feshin tituna da kasuwanni, har da fesa wa mutane magani a ƙofar shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan haka tun a watan Mayun 2020: ƙura da datti suna kashe ƙarfin maganin, fesa shi a jikin mutum kuma yana cutar da ido da fata da huhu. Kuɗin ya fi amfani a sabulu.

Mataki na 4: A kai magani kusa da gida

Kwalara in ana jinya yadda ya kamata, mutuwa ba ta kai mutum 1 cikin 100 ba, kuma mafi yawan masu ita ruwan ORS kawai suke buƙata. Abin da ke kashewa jinkiri ne. Saboda haka a buɗe rumfunan shan ORS a unguwannin da taswira ta nuna: inuwa, benci, tsabtataccen ruwa, kofuna, wurin wanke hannu, banɗaki, mutum biyu da aka koya wa aikin, da lambar motar da za a kira.

Ƙunshi ɗaya a lita ɗaya na ruwa, ba a rage ba a ƙara, kuma abin da ya kwana awa 24 a zubar. Yaro ƙasa da shekara 2 a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, mai shekara 2 zuwa 9 mililita 100 zuwa 200, babba ya sha iya son ransa. In ya yi amai a dakata minti 10, a ci gaba kaɗan-kaɗan da cokali. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono. Yara a haɗa musu da zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jariri ƙasa da wata 6. Inda babu ƙunshi, shafaffen cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya zai riƙe mutum har a isa asibiti. Gishirin in ya yi yawa yana da haɗari ga yaro. Wanda idonsa ya faɗa, ya kasa sha, jikinsa ya saki, ko aka tsunkuli fatar cikinsa ta daɗe ba ta koma ba, wannan na ƙarin ruwa ne ta jijiya, a tura shi nan take.

Cibiyar kwanciya tana son ƙofar shiga ɗaya da mai gadi, gadaje masu rami a tsakiya da bokiti a ƙasa, wani bokitin a gefen kai don amai, haske da dare, da mai zaman jinya ɗaya tak ga kowane majinyaci. Jinyar ta zama kyauta, a kuma faɗa da babbar murya cewa kyauta ce. Ga cutar numfashi, a ware masu tari tun daga bakin ƙofa, a ba su takunkumi, su jira a fili ko ɗakin da tagoginsa ke buɗe ta ɓangare biyu. Ga Ebola, ƙaramin asibiti ba wurin jinya ba ne: a keɓe, kada a taɓa ba kayan kariya, a kira tawagar da aka horar.

Mataki na 5: Bin sawu, killacewa, da tallafin da ke riƙe su

Tsawon bibiyar wanda ya yi mu'amala da mai cuta ya dogara da kwanakin da cutar ke ɗauka kafin ta bayyana: kwana 21 ga Ebola, 14 aka yi amfani da shi a farkon korona. Kwalara ba a killace mata mutane. Gidan mai ita da maƙwabta ake kai wa sabulu, maganin ruwa da ORS da wuri. Masu bin sawu a ɗauke su daga cikin unguwar, kada a ɗora wa mutum gidajen da suka fi ƙarfin zagayensa na yini.

Ranar da aka ce gida ya killace kansa, ranar tallafi zai iso, ba bayan mako ba. A yi lissafi: gida mai mutum 6 yana buƙatar lita 90 na ruwa kullum, jarka mai lita 20 huɗu da rabi ke nan, lita 1,890 a kwana 21. Abinci a auna shi kan kalori 2,100 ga mutum a rana, a haɗa da makamashin girki, sabulu, audugar mata, da magungunan da wani a gidan ke sha kullum. A tambaya ko akwai dabbobi ko gona ko shagon da za a bari, domin abin da ke fitar da mutum ke nan. Inda kasuwa ke ci kuma waya na aiki, tura kuɗi ya fi sauƙi da rufin asiri. Inda aka rufe kasuwa, kaya za a kai.

Jerin masu karɓa shi ne inda rigima take. A rubuta sharuɗɗan a fili, a sa mutane daga ɓangarori daban-daban su tantance, a buɗe hanyar kai ƙorafi da ba ta bi ta hannun mai rabo ba. A nemo waɗanda ba sa zuwa layi: tsofaffin da ke zaune su kaɗai, masu naƙasa, masu kwana a titi, baƙin da ba su da takarda. Kada a tara jama'a a fili ɗaya don rabo lokacin cutar numfashi. Gida-gida, ko rukuni-rukuni da lokaci daban.

Ƙarfi ba ya maye gurbin wannan. A watan Agustan 2014 gwamnatin Laberiya ta sa jami'an tsaro suka rufe unguwar West Point ta Monrobiya saboda Ebola. Abinci ya yi wuya, aka yi arangama, mutane suka riƙa sulalewa, bayan kwana 10 aka janye shingen.

Mataki na 6: Magana da jama'a

Mai magana ɗaya, lokaci ɗaya kullum, ko da babu sabon labari. Ya faɗi abin da aka sani, abin da ake kan bincike, abin da hukuma ke yi, da abin da ake so kowa ya yi yau. In shawara ta sauya, a faɗi dalili. Rage alƙaluma don kada a tayar da hankali dabara ce mai gajeren kwana, tunda mutane suna ganin jana'iza da idonsu. Kada a ambaci sunan mara lafiya, kada a jingina cutar ga wata ƙabila ko sana'a.

Layin waya na kyauta yana da amfani ne kawai in ana ɗagawa. Kafin a sanar da lamba a tabbatar akwai masu karɓa dare da rana, da motar da za ta tashi in an kira. A buɗe littafin jita-jita: me ake cewa, a ina, wa ya fi dacewa ya amsa. Sau da yawa jita-jitar tana ɗauke da ƙorafi na gaskiya. In ana cewa duk wanda ya shiga cibiya ba ya fitowa, amsar ita ce a bar dangi su ga majinyacinsu daga nesa, a kuma roƙi waɗanda suka warke su yi magana in sun yarda.

Mataki na 7: Gawa

A Ebolar Afirka ta Yamma ta 2014 zuwa 2016, wadda ta kashe sama da mutum 11,000 a Gini, Laberiya da Saliyo, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla kashi 20 cikin ɗari na sababbin kamuwa wajen jana'iza suke faruwa. Amma ƙwace gawa daga hannun dangi ya sa aka riƙa binnewa a ɓoye, har sai da aka fito da tsarin da ya haɗa kariya da mutunci. Tawagar da aka horar ce ke taɓa gawar, dangi suna kallo, shugaban addininsu yana nan, ana yin addu'a, an san kabarin. A zauna da shugabannin addini a amince da tsarin tun kafin a yi rashi na farko, kuma tawagar ta iso cikin sa'o'i. Ga kwalara, a goge gawar da kulorin 2%, a toshe kafofin jiki da audugar da aka jiƙa da shi, masu wankan su sa safar hannu, kada kuma su taɓa abincin masu zaman makoki. Maƙabarta ta yi nisan mita 30 aƙalla daga ruwan sha.

Mataki na 8: Kada sauran ayyuka su tsaya

A Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, ƙyanda ta kashe sama da mutum 6,000 a 2019, fiye da ninki biyu na waɗanda Ebolar gabashin ƙasar ta kashe tsakanin 2018 da 2020. A 2020 kuma yara miliyan 23 a duniya ba su samu riga-kafin farko-farko ba. Don haka a rubuta ayyukan da ba za a taɓa ba: haihuwa da awon ciki, riga-kafin yara, jinyar tamowa da zazzaɓin cizon sauro. Firjin riga-kafi ya ci gaba da samun wuta, tsakanin digiri 2 da 8. Masu tarin fuka, ƙanjamau, ciwon sukari da hawan jini a ba su maganin wata biyu ko uku a tafi ɗaya. Masu shara, masu ruwa da ungozomomi a ba su katin wucewa in an hana zirga-zirga. Rikicin cikin gida yana ƙaruwa in an kulle mutane, saboda haka ofishin jin daɗin jama'a ya kasance a buɗe.

Ma'aikata kuwa, alawus ɗin da aka yi alƙawari a biya a kan lokaci. Masu sa kai da aka bari ba biya sukan watse a mako na uku, daidai lokacin da aka fi buƙatarsu. A tsara musu hutu, a koya musu cire kayan kariya a gaban mai sa ido, domin wajen cirewa ake kamuwa. Duk abin da aka saya cikin gaggawa a ajiye rasit, a rubuta shigarsa da fitarsa a katin sito, a liƙa taƙaitaccen lissafi inda kowa zai gani.

Mataki na 9: Janyewa

Ba ranar da asibiti ya yi shiru ake cewa an gama ba. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ninki biyu na mafi tsawon kwanakin ɓoyuwar cutar ba tare da sabon kamu ba. Ga Ebola kwana 42 ke nan bayan majinyaci na ƙarshe ya warke ko an binne shi. Sanarwar ta hukumar lafiya ta ƙasa ce. A sassauta matakai ɗaya bayan ɗaya ana duba rajista, a bar sa ido da gyaran ruwa su zama na ƙarshen tsayawa.

Cikin wata uku a zauna bita tare da ma'aikatan da suka yi aikin da hannunsu da wakilan unguwanni: yaushe aka samu labari, yaushe aka motsa, ina aka makale. Kowane gyara a ɗora shi a kan mutum da rana. A biya basussukan masu sa kai da direbobi, a gyara famfunan da taswira ta tona, a bi yaran da riga-kafi ya wuce su. A mayar da kayan sito, garin kulorin a rufe shi ruf a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da mai da takardu, a rubuta ranar da za a sake gwada ƙarfinsa.